Kunnena Yana Kuka

Shekaru masu yawa na yi a tsaye gaban injin markaɗe a Fegge, cikin Anacha. Ba ni na zaɓi sana'ar ba. Injin na maigidana ne. Shi ya ɗauko ni daga ƙauyenmu a ƙasar Kano ya kawo ni kudu, ya kafa rumfa a bakin layi, ya dasa injin a kan siminti. Da ya rasu na gama takaba, danginsa suka aiko in tattara in koma gida. Na tambayi ɗan aiken me zan je in ci a can. Ya juya ya tafi. Washegari na ɗaura zani na ja igiyar injin, ya tashi.

Tun daga ranar ni ce mai markaɗe. Matan Ibo su kawo waken ƙosai da na alale, tattasai da tumatir, agushi, jiƙaƙƙiyar masara. Hausawan unguwa su aiko da geron koko. Ina zubawa ta sama, ina dannawa da sanda, ina tara bokiti a ƙasa. Ba a magana a rumfata, ba mai jin wani. Nuni ake yi da hannu. In mace tana son markaɗenta ya yi laushi sai ta murza yatsu biyu, in gyaɗa mata kai.

Da farko abin ba ya daɗewa. In na kashe inji da magariba sai in ji wani siririn sauti a kunne, ziiii, kamar gyare ya shiga bayan tukunya. Kafin gari ya waye ya tafi. A garinmu an ce in kunnenka ya yi kuka wani ne ya ambace ka a wani wuri, sai ka yi salati. Ina yin salatin. Wani lokaci har in ji daɗi, in ce ashe da sauran mai tunawa da ni a gida. Ban taɓa kawo inji a raina ba.

Sai wata shekara, ana gab da Kirsimeti, salansar injin, mai rage masa ƙara, ta ɓalle ta faɗi. Lokacin ne aiki ya fi yawa, bokitai sun yi layi har bakin kwata. Makanike ya tafi ƙauyensu biki. Na ce zan lallaba. Kwana biyar na yi ina aiki da inji ba salansa, kaina a gefensa. Maƙwabta suka yi ta zagi. Telan da shagonsa ke kallon rumfata ya rufe shago ya yi tafiyarsa. A rana ta ƙarshe na kashe inji, ƙarar waje ta tsaya, ta ciki ba ta tsaya ba. Na yi salati. Na kwana na tashi, tana nan. Tana nan har yau.

Na fara neman gyare a ɗaki. Na fitar da gado, na kwashe kwanuka, na zuba fiya-fiya a kowace kusurwa. Kyankyasai suka mutu da yawa. Sai na tafi bakin kogi sayen kifi, na ji gyaren ya biyo ni har can. Na tsaya a cikin mutane na toshe kunnuwana da yatsu, na ce in daga waje yake zai yi shiru. Sai ya ƙara ƙarfi. Nan na gane a cikina yake.

Na sosa da gashin kaza. Na ɗiga man zaitun. Mai kemis ya ba ni wani ruwa a 'yar kwalba, ya ce datti ne. Dattin ya fita, kukan bai bi shi ba. Wuri ɗaya kawai nake samun sauƙi, gaban inji. In ya tashi, ƙararsa ta danne ta ciki, in manta. Don haka na ƙara sammako, na ƙara daɗewa. Wani lokaci ko ba aiki sai in bar shi yana juyawa, ina ƙona fetur a banza.

Ranar da ta fi min wuya Litinin ce. A 'yan shekarun nan ba a fita kasuwa ran Litinin a Anacha, an sa wa mutane dokar zaman gida. Shaguna a rufe, ba mota, ba okada, wato acaɓa, ko yara ba sa ihu a layi. Ba mai tada inji ranar sai mai neman fitina. Gari ya yi tsit, ni kuma kaina ya cika. Na lura da abu ɗaya a irin wannan zaman. In na saurare shi sai ya matso. In na ce bari in ji ko ya ragu, to ya ƙaru ke nan.

'Ya'yana biyu ne suka rayu. Babban namiji ne, yana sayar da albasa a Fatakwal, wajen kasuwar Oil Mill. Ƙaramar tana aure a Inugu. Babban ɗan fari ne, ni kuwa mutuniyar da ce. Ban taɓa kiran sunansa ba. Ban taɓa zama na yi hira da shi ba. Haka na ga uwata ta yi da yayanmu. Da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, sai da ya yi wayo aka kawo mana shi kudu. In ya zo gaishe ni ya durƙusa a bakin ƙofa, in kau da kai in amsa. Lafiya, lafiya, madalla. In da magana sai in faɗa wa wani ya faɗa masa. Ba ƙi ba ne. Kunya ce, haka aka rene mu.

Matarsa haihuwar Fatakwal ce. Yarinyar kirki, Bahaushiya uwa da uba, amma Hausarta rabi ce, sauran Turancin Buroka. Wata Lahadi ta zo min da tsaraba, Litinin ta rutsa da ita a wurina. Da hantsi ta shigo ɗaki ta same ni a kan tabarma, na dafe kunnuwa da hannu biyu.

"Mama, lafiya? Kai ke ciwo?"

"Ba ciwo."

"To mene ne?"

"Kunnena ke kuka."

"Kuka?"

"Kuka. Ba dare ba rana."

Ta tsaya ta kasa kunne. Ta leƙa waje ta dawo.

"Mama, ba wanda ke kuka fa."

"Na sani. Ni kaɗai ke ji."

"Tun yaushe?"

"An daɗe."

Ta zauna, ta ɗan ja baya. Na ga ta ja wuyan rigarta ta tofa addu'a a ciki. Ban kula ba, na zaci tausayi ne.

A Hausar da na taso da ita komai yana kuka. Inji yana kuka, ƙofa tana kuka, ciki yana kuka in da yunwa, tsuntsu ma kuka yake yi. Ita kuwa kuka ɗaya ta sani, na hawaye. Abin da ta kai wa mijinta shi ne, Mama tana jin ana kuka a kunnenta dare da rana, ita kaɗai, har tana toshe kunne. Wannan sai daga baya na sani. Da daga bakina ya ji da ya gane, don a hannun kakarsa ya koyi magana. Amma ba ya ji daga bakina.

Ran Alhamis ya iso. Ya same ni a gaban inji, ya tsaya har na kashe. Ya durƙusa ya gaishe ni a gaban mutane, sannan ya ce, kansa a ƙasa, "Inna, ki haɗa kaya. Za mu je Fatakwal ki huta."

Na kalli bokitan da ke layi. Su na tambaya, ba shi ba. "Wa ya ce na gaji?"

"Kwana biyu ne kawai."

Ya mayar wa mata da kayansu, ya sa kwaɗo a rumfa, ya jefa makulli a aljihu. Da ƙaramar ce ta yi haka da na fizge makullin na haɗa mata da mari. Shi ba zan iya jayayya da shi a titi ba. Na bi shi.

A Fatakwal suka ba ni ɗakin ƙurya, nesa da titi. Suka hana jikoki shigowa. Suka cire rediyo. Ko janareta ba sa tayarwa da rana don kada a dame ni. A kawo abinci a ajiye a hankali, a fita da sanɗa. Don alheri suka yi. Ni kuwa kamar an kulle ni da abin a akwati ɗaya. A can ne kukan ya haihu. Bayan siririn sai ga wani mai kauri a kunnen hagu, kamar ruwa na tafasa a buta. Barci ya ƙi, abinci ya ƙi. Na fara bugun ƙeyata da hannu. Na fara gunaguni da baki don in rufe shi. Suna leƙowa ta labule suna ganin tsohuwa tana gunaguni ita kaɗai tana bugun kai. Duk abin da suke tsoro sai da na nuna musu shi.

Kwana biyun suka zama mako biyu. Wata safiya surukata ta kawo koko, ta ce, "Mama, ki kwantar da hankalinki. Ɗanki ya ce ba za ki sake komawa wancan ɗakin ba. Injin ma ya samu mai saye, ƙarshen wata za a je a cire."

Ta faɗa kamar mai albishir. Na ajiye ludayi.

Injin nan shi ya ciyar da su, shi ya aurar da su. Saboda shi ban taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Amma ba shi kaɗai na tuna ba. In aka cire shi a kan cewa na taɓu, to ba ni da sauran magana a duniya. Duk abin da na faɗa za a ce ba ni ba ce, aljanu ne. A ɗakin ƙuryar nan zan ƙare, ana yi min sanɗa.

Aka kawo malami ya yi min ruƙiyya. Dattijo ne, limamin wani masallaci a unguwar. Ya zauna a kan buzu, ɗana yana tsugune a bakin ƙofa. Ya matso kunnena na dama ya yi karatu da ƙarfi, ya daɗe yana yi. Yana jira in faɗi ko in yi ihu. Ban faɗi ba. Ƙafata ce kawai ta yi tsami. Ya tsaya ya sha ruwa.

"Iya, wannan da kike ji, namiji ne ko mace?"

"Wa?"

"Mai kukan."

"Gyare ne."

"Shi ya ce miki sunansa Gyare?"

"Malam, gyare. Ƙwaro. Na bayan tukunya."

Ya gyara zama.

"Ziiii yake yi?"

"Haka."

"In kin toshe kunne fa?"

"Ya ƙaru."

Ya cire hula ya sosa kai ya mayar. "Ladaninmu yana da irinsa. Shekara da shekaru lasifika tana bisa kansa." Ya juya wajen ɗana. "Wannan ba aikina ba ne. Ku kai ta wajen likitan kunne."

Ɗana ya ce, "Malam, ai aljanu su kan ɓuya."

"Su kan ɓuya. Amma uwarka ta fi ni hankali, na gaya maka."

Ya naɗe buzunsa ya tafi. Ɗana bai yarda ba. Na ji yana ce wa matarsa a tsakar gida zai nemo wani malamin, wannan ya tsufa. A nan ya kamata in kira shi in yi masa bayani. Na buɗe baki, ya ƙi fita. Abin da ban yi ba tun yana goye ba zai zo min a rana ɗaya ba. Sai na ari wayar surukata na ce ta nemo min ƙaramar.

"Ki zo ki ɗauke ni."

"Inna, Yaya ya ce..."

"Ban tambaye ki abin da ya ce ba."

Ta zo bayan kwana biyu. Ita a gindina ta girma, da ita nake faɗa, da ita nake dariya. Ta rufe ƙofa ta ce in gaya mata. Na gaya mata. Ta riƙe ciki tana dariya har ta zauna a ƙasa.

"Kukan kunne? Shi ne aka tara malamai? Inna, da kukan miya kika ce da tuni an kawo miki buhu an huta."

"Tashi, mara kunya."

Ta je ta sami yayanta. Ya ce ta yi yarinta, ba ta san komai ba, duk mai irin wannan ciwon cewa yake lafiyarsa ƙalau. Amma ya bari ta tafi da ni Inugu, a kan za ta dawo da ni. Makullin yana aljihunsa.

Gidan mijinta yana bayan kasuwar Ogbete. Masu keke mai ƙafa uku suna ta danna hon, masu dako suna ihu, maƙwabci yana sara ƙarfe. Na kwanta a kan tabarma a tsakar gida da azahar, cikin wannan hayaniyar, na yi barcin da na daɗe ban yi ba.

Ta kai ni asibiti wajen likitar kunne, wata mata 'yar Ibo mai tabarau. 'Yata tana jin yarensu kamar a bakinta aka yi shi, ita ce tafinta. Likitar ta haska kunnuwana ta ce ba datti, ba ƙurji. Sannan suka sa ni a wani ɗan ɗaki kamar akwati, bangonsa duk soso, suka ɗora min wani abu a kunnuwa. Aka ce in na ji ɗan sauti in ɗaga hannu. Ana rufe ƙofa na ɗaga. Likitar ta buɗe tana dariya.

"Mama, I never start o."

Wai ba ta ma kunna ba. Da ta kunna, masu kauri na ji su sarai. Sirara kuwa ban san nata ba, ban san nawa ba. Wani lokaci in ɗaga hannu ba komai, wani lokaci tana ta dannawa ina zaune kamar dutse.

Muka koma teburinta. Na ce da 'yata, "Tambaye ta, na haukace?"

"Ta ce a'a."

"Aljani ne?"

"Ta ce ita ba ta gan shi ba."

"Ce mata ta rubuta."

"Inna, ke da ba ki karatu?"

"Ba ni zan karanta ba."

Likitar ta jawo takarda ta zana kunne. Ga abin da 'yata ta juya min, yadda na riƙe shi. Can ciki, bayan dodon kunne, akwai wasu ƙananan gashi da ido ba ya gani, a tsaye kamar shuka. Kowane irin sauti da nasa. Ƙarar inji ta yi ta bi ta kansu har na siraran sauti suka kwanta, kuma in sun kwanta ba sa tashi. Ƙwaƙwalwa ta saba samun saƙo daga wajensu. Da ta ji shiru sai ta ƙara murya tana nema, kamar wanda ya ƙure rediyo a inda babu tasha. Ba magana, sai shuuu. Shi nake ji. A kunne ya fara, amma kai ne ke riƙe da shi.

"To me ya hana shi tafiya?"

Likitar ta nuna ɗankwalina ta yi magana.

"Ta ce kina jin ɗankwalin da ke kanki?"

Sai da ta faɗa na ji shi, har da inda ƙullin ya danne min ƙeya.

"Ta ce haka kai yake. Abin da ya san ba ya cizo sai ya watsar da shi, ki daina ji. Wannan kuwa kin ji tsoronsa, kullum kina dubawa ko yana nan. Sai kai ya ce ashe babban abu ne, ya sa masa gadi, ya yi ta miƙo miki shi. Shiru yana ƙara shi, damuwa tana ƙara shi, rashin barci yana ƙara shi."

"Magani fa?"

"Ba na haɗiya, ba na ɗigawa. Ta ce kada ki zauna a shiru. Fanka, rediyo ƙasa-ƙasa, cikin mutane. Ba zai tafi ba, amma in kin daina gadinsa zai koma baya."

Na ce to. Na fara gyara mayafi. Likitar ta ɗaga hannu ta ƙara magana, ta daɗe. 'Yata ta kalli teburi, ta juya min da Hausa.

"Ta ce injin ne ya yi, kuma yana kan yi. Sauƙin da kike ji a gabansa ba sauƙi ba ne. Rufewa yake yi ta sama, yana ƙara ɓarna ta ƙasa. In kin ci gaba, sauran jin ma zai bi, kukan kuma ya ƙaru."

"Ce mata ban tambaye ta wannan ba."

"Ta ce ta sani."

A cikin keke muna komawa na ce, "Ki kira yayanki ki gaya masa lafiyata ƙalau. Zancen inji ki bar shi a nan."

Ta kalli titi ta ce, "Ba zan kira ba."

"Me kika ce?"

"Inna, saƙo ne ya kawo mu nan. Ke ki faɗa wa wance, wance ta faɗa wa wane. Mutumin nan gemunsa ya fara fari. Ki faɗa masa da bakinki."

Na zage ta. Ta bar ni na gama. Har muka isa gida ba ta ɗauki waya ba.

Ran da aka sa za a cire injin na yi sammako na hau motar Anacha ni kaɗai, takardar likita a ƙulle a bakin zani. Na isa Fegge da hantsi. Rumfata tana rufe, kaji sun yi kashi a kan benci. Na share na zauna. Matan layi suna wucewa suna gaishe ni daga nesa. Labari ya riga ni zuwa.

Wajen azahar sai ga ɗana, da makanike, da wata mata daga layin baya, ita ce mai saye. Na san ta, shekara nawa ina markaɗa mata wake. Da ya gan ni ya tsaya cak. Na ce da su biyun su je su sha ruwa su dawo. Suka tafi. Ya durƙusa zai fara gaisuwa.

"Tashi. Zauna."

Ya gyara tsugunno.

"A benci."

Ya zauna a can ƙarshe, rabin jikinsa a waje. Na juya na kalle shi sosai. Gaskiyar ƙanwarsa ce, gemun ya fara fari. Akwai tabo a gefen girarsa, ban san inda ya same shi ba.

Na ce, "Ka saurara, sau ɗaya zan faɗa. Ba mutum nake ji ba. Ba murya, ba hawaye. Kunnena ke kuka, kamar yadda inji ke kuka, kamar yadda ƙofa ke kuka. Kai a ƙauye ka tashi, ka san wannan Hausar. Matarka ba ta san ta ba, ba laifinta ba ne. Da ka tambaye ni."

"Inna, ta yaya zan tambaye ki?"

Na kalli kwaɗon rumfa. Wani mai okada ya wuce.

Ya ce, yana kallon ƙasa, "Na zaci yaron nan kike ji. Ƙanena, wanda ya rasu a ɗakin can shekarar da aka kawo ni. Kwana uku yana kuka. Ina waje ina ji, ba wanda ya ce min komai. Da ta ce kina jin kuka, shi ya faɗo min. Na ce in ba a raba ki da ɗakin ba ba zai bar ki ba."

Ban san ya riƙe wannan ba. Na zaci ya yi ƙanƙanta a lokacin.

Na ce, "Wannan ba a kunne yake ba."

Na kwance bakin zani na miƙa masa takardar. Ya buɗe ya karanta. Ya daɗe yana karantawa, har ya juya bayanta. Sannan ya ninke ta.

"An ce hankalinki ƙalau. Ki yafe min."

Ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin, ya miƙo min da hannu biyu.

Ba na karatu, amma ina da ido. Hankalinki ƙalau ba ya cika takarda gaba da baya. Likitar ta rubuta duka, har da zancen inji, ya gani, ya haɗiye. Da na ga dama da na karɓi makullina na ja igiya a gabansa, ba zai ce uffan ba.

Na karɓa. Na riƙe shi a hannu. Na tuna yadda a motar safe yaron mota ya yi min magana sau uku kafin na ji. Na tuna jikokina a Fatakwal, bakinsu yana motsi, ina gyaɗa kai kawai. Kuma na gaji. Wannan ban faɗa wa kowa ba, amma na gaji tun kafin ya zo ya sa kwaɗo.

"Karanta sauran."

"Inna..."

"Da ƙarfi. Ka san ba na ji sosai."

Ya karanta, yana juyawa da Hausa. Abin da ta faɗa ne, ba ragi.

Na tashi na buɗe rumfa da hannuna. Na ce, "Za a sayar. Ni zan sayar, ba kai ba. Rumfa tana nan, ɗakina yana nan. Zan kasa barkono da daddawa da busasshiyar kuɓewa. Kai ka riƙa aiko min da albasa."

"Da kin dawo wajenmu."

"Ɗakinku ya cika shiru."

Ya tashi ya je kiran makanike.

Makanike ya dawo da sifana. Notika huɗu ne ke riƙe da injin a siminti, sun yi tsatsa, sai da ya zuba baƙin mai ya buga da guduma. Ni da matar muka yi cinikinmu a gefe. Da aka ɗora shi a kura na ja hannunta na ce ta nemi abin toshe kunne kafin ta fara, kuma in salansa ta faɗi ta kashe inji ta tafi gida. Ta yi dariya ta ce kunnenta ƙarfe ne. Ban maimaita ba.

Suka tura kurar suka sha kwana. Inda injin ya zauna siminti ya yi baƙi, ga ramuka huɗu. Ɗana yana tsaye a bakin rumfa, ya rasa inda zai sa hannunsa.

"Inna, yanzu ma yana yi?"

"Yana yi."

"Wane kunnen?"

"Duka."

Ya ce zai kwana ya taya ni gyara wurin. Na ce ya tafi, damina ce, albasa ba ta jiran mutum. Ya tsaya ya ɗan ƙara, sannan ya yi sallama ya nufi tasha. Na aika gidan telan a aro min tsintsiyar kwakwa da toka, na fara goge simintin.